Likitan ƙwaƙwalwa a Nijar: karatunsa, albashinsa da makomar aikin, daga Kelle zuwa Yamai

Likitan ƙwaƙwalwa, wanda ake kira sikiyatir da Faransanci, cikakken likita ne da ya ƙare karatun likitanci sannan ya ƙara wasu shekaru yana ƙwarewa kan cututtukan da ke taɓa hankali, tunani da ɗabi'ar mutum. A Nijar masu wannan ƙwarewa kaɗan ne ƙwarai, kuma akasarinsu a Yamai suke. Mutumin garin Kelle, a gundumar Gure cikin jihar Damagaram, idan ɗan'uwansa ya samu taɓin hankali, sai ya fara da CSI na garin, a tura shi asibitin gunduma na Gure, daga nan kuma ya kama hanyar kusan kilomita 160 zuwa babban asibitin ƙasa na Damagaram, inda ake da sashen masu irin wannan ciwo. Wannan bayani na ɗalibai ne da iyayen da ke tambayar ko aikin yana da riba: shekara nawa ake karatu, wa ke biyan kuɗin, yaya ake lissafin albashi, kuma ina ake samun gurbi.

Abin da yake dubawa

Cututtukan da suka fi kai mutane wurinsa sun haɗa da ciwon rabuwa da hankali, wanda likitoci ke kira sikizofireniya, inda mutum ke jin muryoyin da babu su ko ya yi ta zargin ana binsa da sharri. Ciwon damuwa mai tsanani da ke hana barci, ci da aiki. Ciwon da ke sa mutum ya yi ta zumuɗi na makonni sannan ya faɗa cikin baƙin ciki. Ruɗewar da ke kama wasu mata bayan haihuwa. Firgicin da ke biyo bayan ganin kisa ko hari. Da kuma shaye-shaye, musamman na tiramol, wiwi da sholisho. A ƙasashenmu masu farfaɗiya ma sau da yawa wurinsa suke ƙarewa, duk da cewa asali aikin likitan jijiyoyi ne.

Jama'a kan haɗa ma'aikata uku su kira su da suna ɗaya, alhali karatunsu da albashinsu ba ɗaya ba ne. Likitan ƙwaƙwalwa shi ke gano ciwo, ya rubuta magani, ya kwantar da majinyaci, ya kuma ba kotu rahoto idan ta nema. Masanin halayyar ɗan Adam, wato sikolog, daga tsangayar adabi da ilimin zamantakewa yake fitowa. Yana jinya ta hanyar zantawa da gwaje-gwajen tunani, ba ya rubuta magani. Na uku shi ne majo mai ƙwarewa kan lafiyar ƙwaƙwalwa, wanda takardun ofishin ministan kiwon lafiya ke kira TSSM. A yawancin jihohi shi ne ke riƙe da aikin yau da kullum.

Girman buƙata

Hukumar lafiya ta duniya OMS ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum 1 cikin 8 a duniya yana fama da wani nau'in ciwon ƙwaƙwalwa, kimanin mutum miliyan 970. Sikizofireniya kaɗai tana kama kusan mutum 1 cikin 300. Masu farfaɗiya sun kai miliyan 50, kuma har kashi 70 cikin 100 nasu za su iya daina faɗuwa idan sun samu maganin da ya dace.

A ɓangaren ma'aikata, rahoton OMS na 2020 ya nuna cewa matsakaiciyar ƙasa a duniya tana da likitan ƙwaƙwalwa 1.7 ga kowane mutum 100,000. A nahiyar Afirka adadin 0.1 ne, wato likita 1 ga mutum miliyan 1. Rahoton ya kuma ce gwamnatoci na ware wa wannan fanni kashi 2.1 cikin 100 ne kawai na kuɗin da suke kashewa kan lafiya.

Idan aka ɗora wannan ma'auni kan jihar Damagaram, wadda ƙidayar 2012 ta ba ta mutum sama da miliyan 3.5, za a ga tana buƙatar likitocin ƙwaƙwalwa kusan 60 kafin ta kai matsakaicin duniya, kuma tun daga lokacin jama'a sun ƙaru sosai. Masu sikizofireniya a jihar, ko an yi ragi saboda yawan yara ƙanana, dubbai ne. Da yawansu ba su taɓa ganin likita ba. Ana fara kai su wurin malamin ruƙiyya, boka ko ƴan bori, kuma wanda ya yi ƙarfi har dangi suka kasa riƙe shi yakan ƙare a mari ko a turu. Saboda haka duk wanda ya ƙware a wannan fanni ba zai rasa majinyata ba. Abin da ke ƙaranci shi ne kuɗin ɗaukar ma'aikata da na biyansu.

Hanyar karatu

Mataki na farko shi ne bak ta kimiyya, siri D ko C, da maki mai kyau a ilimin halittu, kimiyyar sinadarai da lissafi. Ɗan ƙauyen da ke kewayen Kelle yakan bar gida tun yana yaro don neman kwaleji da lise, ya zauna hannun mai masauki, kuma a wannan matakin ne da yawa ke yankewa, musamman ƴan mata.

Mataki na biyu shi ne tsangayar kimiyyar lafiya, FSS. Mafi daɗewa ita ce ta jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai. Yanzu akwai irinta a jami'ar André Salifou ta Damagaram da jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi, abin da ya rage wa ƴan gabas nisa da tsadar zaman babban birni. Karatun yakan ɗauki shekara 7 zuwa 8 har da kundin ƙarshe, kuma yajin aiki da shekarun karatu masu jan ƙafa kan ƙara masa tsawo. Ɗalibin da ya cika sharuɗɗa yana iya samun bursi daga hukumar ANAB. Bayan kammalawa sai rajista da majalisar likitoci ta ƙasa, sai hidimar ƙasa ta sarbis sibik, wadda ake nema kafin shiga aikin gwamnati.

Mataki na uku shi ne takardar ƙwarewa ta DES a fannin ƙwaƙwalwa, mai shekara 4. Jami'o'in da suka daɗe suna ba da wannan horo a yankin masu magana da Faransanci sun haɗa da na Dakar, Abijan, Kwatano da Wagadugu. Ana shiga ta hanyar jarrabawar zaɓe. A nan ne maganar kuɗi ke raba mutane gida biyu. Likitan da ya riga ya shiga aikin gwamnati zai iya neman a tura shi ƙarin karatu albashinsa na tafiya, yawanci da sharaɗin ya dawo ya yi wa ƙasa aiki. Wanda bai samu wannan dama ba, shi da danginsa za su biya kuɗin rajista, haya da abinci na shekara 4 a ƙasar waje. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

A taƙaice, daga bak zuwa zama likitan ƙwaƙwalwa aƙalla shekara 11 zuwa 12 ne idan komai ya tafi daidai. Idan aka haɗa da hidimar ƙasa da jiran ɗauka aiki, wanda ya ci bak yana ɗan shekara 19 zai wuce 30 da ƴan kai kafin ya fara karɓar albashin ƙwararre. Iyayen da ke sayar da bisashe don ɗaukar nauyin ɗalibi ya kamata su san wannan tun farko.

Yadda ake lissafin albashi

A aikin gwamnati ba a yanka wa kowane fanni albashinsa daban. Likitoci suna rukunin A1, mafi girma a tsarin ma'aikatan ƙasa. Kowane ma'aikaci yana da lamba da ake kira andis, ana ninka ta da ƙimar da gwamnati ta tsayar, abin da ya fito shi ne tushen albashi. Andis na ƙaruwa da daɗewa a aiki: ana hawa ƙaramin mataki duk shekara 2, kuma akwai manyan azuzuwa 4, daga aji na biyu zuwa na farko, zuwa babban aji, zuwa na musamman. Ma'anar wannan ita ce likitan ƙwaƙwalwa da likitan fiɗa ko na ido, idan matsayinsu da shekarunsu a aiki ɗaya ne, tushen albashinsu ɗaya ne.

A kan tushen ake ɗora alawus-alawus: na gida, na haɗarin aiki, na kwanan asibiti, na riƙon muƙami ga wanda ke shugabantar sashe, da kuɗin yara. Wasu wuraren aiki na can cikin hamada suna da nasu ƙarin. Ana kuma cire harajin albashi na ITS da kason asusun fansho. Duk wanda ke son ainihin adadi, takardar albashin wani likita mai irin matsayin da yake hange ita ce shaidar da ta fi kowace jita-jita, domin kowane layi a rubuce yake. Don kwatance, mafi ƙarancin albashi a ƙasar ya tashi daga sefa 30,047 zuwa sefa 42,000, wato jika 42, tun farkon 2024. Albashin ƙwararren likita ya ninka wannan sau da yawa, amma idan aka auna shi da shekaru 12 na karatu, hayar Yamai da nauyin dangi, ba kuɗin tara dukiya ba ne.

Wannan gibi shi ya daɗe yana haddasa takun saƙa tsakanin gwamnati da ƙungiyoyin likitoci. SYNPHAMED tana haɗa likitoci, masana magunguna da likitocin haƙori. SMES ta ƙwararrun likitoci ce, kuma ta sha shiga yajin aiki tana neman a ware wa ƙwararru tsarin albashi da zai bambanta su da waɗanda ba su yi ƙarin shekarun ba.

Inda likitan ƙwaƙwalwa ke baya shi ne kuɗin gefe. Likitan fiɗa, na mata ko na hoton ciki yana da ayyukan da ake biya ɗaya bayan ɗaya a kilinik masu zaman kansu. Shi kuwa jarinsa lokaci ne: ganin sabon majinyaci yakan ci rabin awa zuwa awa guda, kuma yawancin masu zuwa sun riga sun ƙarar da abin hannunsu wurin neman magani a wasu wurare. Magungunan da ya fi rubutawa, irin su haloperidol, kulorpromazin, amitriptilin da fenobarbital, tsofaffi ne masu araha. Kulorpromazin tun 1952 aka fara jinyar masu taɓin hankali da shi a asibitin Sainte-Anne na Paris. Ragin rabin kuɗin jinya a asibitocin gwamnati da ya fara aiki a watan Satumban 2024 ya sauƙaƙa wa majinyata, amma bai taɓa tushen albashin ma'aikata ba.

Inda ake samun aiki

Asibitin gwamnati shi ne babbar ƙofa. Sashen da ya fi shahara shi ne Pavillon E na babban asibitin ƙasa na Yamai, sai na babban asibitin Damagaram da na asibitocin jihohi. Saboda ƙarancin masu fannin, sabon ƙwararre kan samu kansa shugaban sashe da wuri, abin da takwaransa na fannin da ya cika da mutane zai jira shekaru. Akwai kuma aikin tsara manufofi a shirin ƙasa na lafiyar ƙwaƙwalwa, PNSM, a ofishin ministan kiwon lafiya.

Ƙofa ta biyu jami'a ce. Malaman jami'a masu bincike suna da nasu tsarin albashi da ya fi na sauran ma'aikata tsoka. Ana hawa daga mataimakin malami zuwa farfesa ta hannun CAMES, hukumar da ƙasashen Afirka masu magana da Faransanci suka kafa a 1968, mai mazauni a Wagadugu. Hawan yana buƙatar wallafa bincike da cin jarrabawar agiregasiyon, wadda ake yi duk shekara 2 a fannin likitanci. Buɗe tsangayoyin lafiya a Damagaram da Maraɗi ya haifar da buƙatar masu koyar da wannan darasi a wajen Yamai.

Ƙofa ta uku ƙungiyoyin agaji ne da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya. Tun bayan hare-haren Boko Haram a Difa da Boso a watan Fabrairun 2015, da rikicin jihar Tilaberi, da kwararar baƙin haure ta Agadas, ƙungiyoyi irin su MSF da hukumar OIM sun riƙa ɗaukar ma'aikatan lafiyar ƙwaƙwalwa. Galibi sun fi gwamnati biya, amma kwantaragi ne na wani wa'adi, yana ƙarewa da ƙarewar kuɗin shirin. Shekarar 2025 ta nuna haka ƙarara: Amurka ta datse tallafin da take bayarwa ta USAID, hukumomin Nijar kuma suka umarci ƙungiyar CICR ta rufe ofisoshinta.

Sauran hanyoyin ƙarin kuɗi sun haɗa da duba majinyata da yamma a kilinik, koyarwa a makarantun lafiya masu zaman kansu, horar da ma'aikata, da rahoton ƙwararre ga kotu lokacin da alƙali ke son sanin ko wanda ake tuhuma yana cikin hayyacinsa sa'ad da ya aikata laifi.

Jan hankalin ƙasashen waje

Ƙarancin likitocin ƙwaƙwalwa bai tsaya a Afirka ba, shi ya sa ƙasashe masu arziki ke zawarcin waɗanda aka horar a nan. Faransa tana da kusan 15,000, duk da haka asibitocinta na gwamnati na da gurabe da yawa babu kowa. Likitan da ya yi karatu a wajen Turai yakan fara da ƙaramin matsayi da ƙaramin albashi, sai ya ci jarrabawar EVC ya yi shekarun gwaji kafin a ba shi cikakken izinin aiki. A Amurka matsakaicin abin da likitan ƙwaƙwalwa ke samu ya haura dalar Amurka 200,000 a shekara, sai dai ana sake jarrabawa da horon ƙwarewa daga tushe, da Turancin Ingilishi. A cikin ƙasashen UEMOA kuwa, tun 2005 akwai ƙa'idar da ta ba likitan ƙasa ɗaya damar aiki a wata.

Maƙwabciyarmu Najeriya ta nuna inda wannan ke kaiwa. Tana da asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kware kusa da Sakkwato, Barnawa a Kaduna da Maiduguri, ta kuma samu sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a watan Janairun 2023 a madadin ta 1958. Amma ƙungiyar likitocin fannin ta sha kokawa cewa waɗanda suka rage a ƙasar ba su kai 300 ba ga mutum sama da miliyan 200, saboda da yawa na ficewa da zarar sun ƙware.

Nauyin aikin

Har yanzu akwai masu kiransa likitan mahaukata, har da masu cewa wanda ya daɗe da su zai zama irinsu. Wannan tsangwama tana hana ɗaliban likitanci da dama zaɓen fannin. Akwai kuma yankewar magunguna, ƙarancin gadaje, majinyacin da dangi suka ajiye suka tafi, da wanda ya samu sauƙi ya daina shan magani saboda kuɗin mota zuwa Damagaram ya gagara, ya dawo bayan watanni ciwon ya fi na da.

Sai dai fannin yana da abin da ke riƙe masu yinsa. Mutumin da aka kawo a ɗaure yakan koma gona ko kasuwa cikin makonni da ƙwayoyin da kuɗinsu bai taka kara ya karya ba. Kuma Afirka ta yamma tana da tarihi a wannan aiki. A 1954 Thomas Adeoye Lambo ya fara tsarin ƙauyen Aro a Abekuta, inda majinyata ke zama a gidajen mutanen gari tare da wani ɗan'uwansu suna zuwa asibiti da rana; daga baya ya zama mataimakin shugaban OMS. A asibitin Fann na Dakar, Henri Collomb da abokan aikinsa ƴan Senegal sun shigo da dangi cikin jinya daga 1959, suka kuma saurari masu maganin gargajiya. Darasin duka biyun ya dace da ƙasar Kutus: likitan da ya raina malamai da dattawa ba zai ga majinyata ba, wanda ya yi hulɗa da su kuwa su za su riƙa turo masa.

Harshe ma jari ne. Wannan aiki da magana ake yinsa, kuma ba kowane sirri ake faɗa ta bakin tafinta ba. A yankin Gure ana jin Barbarci, Hausa, Fulatanci, Buzanci da Tubanci. Ɗan Kelle da ya tashi da biyu ko uku daga cikinsu yana da abin da ba a koyarwa a Dakar, kuma zai yi amfani daga Damagaram har Difa.

Gajeriyar hanya

Ba kowane gida ke iya ɗaukar shekara 12 ba. Mai sha'awar fannin zai iya yin karatun majo na shekara 3 bayan bak a makarantar ENSP ta Damagaram ko ta Yamai, ya yi aiki, sannan ya nemi ƙwarewar TSSM. Albashin bai kai na likita ba, amma ana fara karɓarsa da wuri, kuma gurbin aikin ya fi kusa da gida. Tun 2008 OMS ke tafiyar da shirin mhGAP, wanda ke koya wa likitocin gama-gari da majo-majo na CSI gane cututtukan da suka fi yawa da fara maganinsu, su tura masu wuya gaba. A irin wannan tsari, ƙwararre guda a Damagaram aikinsa ya haɗa da horar da ma'aikatan gundumomi, kai musu ziyara da amsa wayarsu.

Abin dubawa kafin yanke shawara

Ɗalibin da ke lise ya fara da riƙe darussan kimiyya da Faransanci. Wanda ke FSS ya yi amfani da lokacin da za a tura shi sashen ƙwaƙwalwa ya gwada kansa, ya ga ko yana da haƙurin sauraro. Wanda ya kammala ya nemi shiga aikin gwamnati kafin DES idan da hali, don albashi ya ɗauki nauyin karatun, ya kuma karanta sharaɗin dawowa da kyau kafin ya sa hannu. Iyaye kuma su yi lissafin shekarun, su san cewa riba a nan tabbacin aiki ce, da saurin samun muƙami, da damar koyarwa a jami'a. Mai neman kuɗi da gaggawa zai fi samunsu a wani fannin. Wanda ya zaɓi wannan ya kuma tsaya a gida zai kasance cikin ƴan ƙalilan da miliyoyin mutanen gabashin Nijar za su dogara da su.